Wa Ya Ba Alƙalai Hurumin Sabunta Fassarar Tsohuwar Yarjejeniya?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ƙasashe sun zauna sun rubuta yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam fiye da shekara 70 da suka wuce, ko harafi ɗaya ba a taɓa ba a sashen da ake jayayya a kansa, to yaya aka yi kotu ta wayi gari ta ce abin da aka saba yi jiya yau ya zama keta haƙƙi? Kuma wa ya ba alƙalai wannan hurumi?

Gaskiya ne suna yin haka, kuma ba a ɓoye suke yi ba, ƙarara suke rubutawa a cikin hukuncinsu. Ni a nawa ganin yarjejeniya irin wannan ba za ta yi aiki ba idan ba a yi haka ba. Gardamar tana wajen yadda ake yi. Akwai hukuncin da za ka karanta ka ga alƙalai sun bi sawun nassi da ayyukan ƙasashe taki bayan taki, akwai kuma wanda za ka karanta ka ji a jikinka sun riga sun san inda za su sauka tun kafin su fara neman hujja.

Dubi kalmomin tukuna. Sashe na 3 na Yarjejeniyar Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda aka rattaba wa hannu a birnin Rum ranar 4 ga Nuwamba 1950, jimla ɗaya ce tak: ba za a azabtar da kowa ba, ba kuma za a yi masa mu'amala ko horo na rashin imani ko na wulaƙanci ba. Bai ce ga abin da ake kira wulaƙanci ba. Waɗanda suka rubuta gogaggun lauyoyi ne, kuma inda suka so zayyana abu sun zayyana, domin a sashe na 5 sun jera dalilai shida da za a iya tsare mutum a kansu, suka rufe ƙofa. A sashe na 3 da gangan suka zaɓi kalma mai faɗi. Ka ɗauka mutum ya bar wasiyya cewa a kashe dukiyarsa wajen kula da lafiyar jikokinsa, bayan shekara 40 aka samo maganin wata cuta da a zamaninsa ko sunanta ba a sani ba. Mai riƙon wasiyyar da ya ƙi sayen maganin don wai mamacin bai san shi ba ya ci amana. Wanda kuma ya ɗebi kuɗin ya saya wa jikokin motar hawa, ya ce ai jin daɗi ma lafiya ne, shi ma ya ci amana.

Ƙa'idar da duk kotunan ke dogara da ita tana cikin Yarjejeniyar Biyana ta 1969 kan dokar yarjejeniyoyi. Sashe na 31 ya ce a yi fassara da kyakkyawar niyya, bisa ma'anar kalmomi da aka sani, a mahallinsu, tare da duba manufar yarjejeniyar. Sai ya ƙara abubuwa uku da za a haɗa da su: matsayar da ƙasashen suka cimma daga baya, yadda suka riƙa aiwatar da yarjejeniyar a aikace, da sauran dokokin ƙasa da ƙasa da suka hau kansu. Takardun muhawarar da wakilai suka yi lokacin rubutu kuwa an tura su sashe na 32, a matsayin abin taimako kawai. Ka ga ke nan ƙasashen da kansu ne suka fifita abin da suka aikata daga baya a kan abin da wakilansu suka faɗa a zauren taro.

Ba kotunan haƙƙin ɗan Adam ne suka ƙirƙiro wannan tunani ba. Kotun Duniya da ke Hague, wadda ke raba gardama tsakanin ƙasashe, ta faɗa a 1971 kan batun Namibiya cewa amanar da aka ba Afirka ta Kudu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ba za a fahimce ta da idon 1919 ba, sai da dokar da ake ciki ranar fassara, wadda ta riga ta amince da 'yancin al'ummomi na mulkin kansu. A 2009, a rikicin Kosta Rika da Nikaragwa kan kogin San Juan, ta ƙara fayyacewa: idan ƙasashe suka zaɓi kalma gama-gari a yarjejeniyar da suka ƙulla don ta daɗe, ana ɗauka sun yarda ma'anarta ta tafi da zamani. Da haka kalmar kasuwanci a yarjejeniyar 1858 ta haɗa da jigilar 'yan yawon buɗe ido.

Shari'ar da ta fi shahara a wannan fage ƙarama ce ƙwarai. A 1972 wata kotun yara a tsibirin Man, wanda ke ƙarƙashin sarautar Birtaniya amma yake da dokokin kansa, ta yanke wa wani yaro ɗan shekara 15 mai suna Tyrer bulala uku saboda dukan wani ɗan makarantarsu. A ofishin 'yan sanda aka zartar da hukuncin. Aka sa ya tuɓe wando ya duƙa a kan tebur, 'yan sanda biyu suka riƙe shi, na uku ya tsula masa tsumagiya a gaban mahaifinsa da likita. Hukumomin tsibirin suka ce jama'arsu na goyon bayan wannan horo kuma yana razana masu laifi. Ranar 25 ga Afrilu 1978 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg ta ce yarjejeniyar rayayya ce, dole a fassara ta bisa halin da ake ciki a yau, kuma ba za ta iya kau da kai daga yadda dokokin hukunta masu laifi suka sauya a ƙasashe mambobi ba. Ingila kanta ta soke bulalar kotu tun 1948. Alƙali ɗaya ne ya saɓa, Gerald Fitzmaurice ɗan Birtaniya, wanda ya ce shi ma a makarantar da ake bulala ya tashi kuma ba su ɗauke ta wulaƙanci ba.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne kotun ba ta kawo sabon haƙƙi ba. Haramcin wulaƙanta mutum yana nan tun 1950. Abin da ya motsa shi ne ayyukan da suka faɗa ƙarƙashinsa. Haka aka yi da azabtarwa. A 1978 kotun ta duba dabaru biyar da jami'an Birtaniya suka yi amfani da su kan tsararru a Ailan ta Arewa: tsayar da mutum jikin bango na sa'o'i, rufe masa kai da buhu, cika masa kunne da ƙara, hana shi barci, da rage masa ci da sha. Ta ce rashin imani ne da wulaƙanci, amma bai kai azabtarwa ba. A 1999, a shari'ar Selmouni da Faransa, kan mutumin da 'yan sanda suka yi ta duka kwanaki a tsare, ta faɗa a fili cewa abubuwan da a da aka kira rashin imani za a iya kiransu azabtarwa nan gaba, domin ma'aunin da ake buƙata ya ƙara tsanani.

Akwai hanya ta biyu, wato ciro abin da nassi bai furta ba amma ba zai tsaya ba sai da shi. Golder fursuna ne a Ingila da wani gandiroba ya zarga da hannu a boren gidan yari. Ya nemi ganin lauya don ya kai ƙarar ɓata suna, ministan cikin gida ya hana. Sashe na 6 ya yi maganar adalci a cikin shari'a, bai ce kana da ikon shigar da ƙara ba. A 1975 kotun ta ce zai zama abin ban mamaki a tanadi adalci a gaban alƙali sannan a bar gwamnati ta toshe hanyar zuwa gabansa. Alƙalai uku suka ƙi, kuma hujjar Fitzmaurice a nan ita ce har yau masu suka ke maimaitawa: ƙasashe sun saki wani yanki na ikonsu bisa sharuɗɗan da suka karanta, bai dace a ɗaure su da abin da ba su karanta ba. Kotun haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka da ke San Jose, a Kosta Rika, ta bi wannan hanya a 1988, kan wani ɗalibi, Velásquez Rodríguez, da aka sace a Honduras a 1981 ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yarjejeniyarsu ta 1969 ba ta ambaci ɓatar da mutum ba. Kotun ta ce alkawarin tabbatar da haƙƙi ya ɗora wa gwamnati nauyin hanawa, bincikawa da hukuntawa. Sai a 1994 ƙasashen yankin suka rubuta yarjejeniya ta musamman kan batun, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a 2006.

Idan kana son ganin aikin yadda ya kamata a yi shi, bibiyi batun hukuncin kisa. Sashe na 2 na Yarjejeniyar Turai ya halatta shi da baki ƙarara. A 1989 aka kawo shari'ar Soering, Bajamushen da Birtaniya ke shirin miƙa wa jihar Virginia ta Amurka kan tuhumar kisan kai. A lokacin kusan an daina zartar da kisa a Yammacin Turai, aka nemi kotun ta ce hukuncin kisa kansa rashin imani ne. Ta ƙi. Ta ce ƙasashen sun rubuta ƙarin yarjejeniya ta 6 a 1983 don soke kisa a lokacin zaman lafiya, wanda ya nuna sun zaɓi hanyar gyara da hannunsu, kowace ƙasa ta shiga lokacin da ta shirya. Ta hana miƙa shi bisa wani dalili daban, wato shekarun da zai yi yana jiran ranar kisa. A 2002 aka yi ƙari na 13 da ya soke kisa a kowane hali. Sai a 2010, a shari'ar wasu 'yan Iraƙi biyu da sojojin Birtaniya suka miƙa wa hukumomin ƙasarsu, kotun ta ƙirga ta ga duk mambobi in ban da biyu sun sa hannu a ƙarin, sannan ta ce wannan alama ce mai ƙarfi cewa sashe na 2 ya riga ya sauya. Shekara 21 ta jira, kuma da ta motsa, bayan ƙasashen ta bi, ba gabansu ta sha ba. Kwamitin ƙwararru 18 na Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan yarjejeniyar 1966 ta haƙƙoƙin farar hula da na siyasa ya yi irin wannan juyi. A 1993 ya ce Kanada ba ta yi laifi ba da ta miƙa mutum Amurka inda kisa ke jiransa, a 2003 kuma ya ce ƙasar da ta soke kisa ba ta da damar yin haka ba tare da neman tabbaci ba.

Kotun Turai kuma ta iya cewa a'a. A 1986 wasu suka nemi ta ciro haƙƙin saki daga haƙƙin aure, lokacin da tsarin mulkin Ailan ya haramta saki. Ta koma takardun 1950 ta tarar da gangan aka cire maganar mutuwar aure, ta ce ba za ta shigar ta taga abin da aka fitar ta ƙofa ba. Mutanen Ailan ne da kansu suka halatta saki a ƙuri'ar raba-gardama ta 1995.

Kotun San Jose ta fi takwararta ta Turai zafin nama, kuma ba ta cika tsayawa ƙirga ƙasashe ba. A 2001 al'ummar Awas Tingni, 'yan asalin ƙasa a Nikaragwa, suka kai ƙara don gwamnati ta ba wani kamfani izinin saran katako a dazukan da suka gada kaka da kakanni, ba su kuma da takardar mallaka. Kotun ta ce haƙƙin dukiya a sashe na 21 ya haɗa da mallakar al'umma gaba ɗaya, kuma zama da amfani da ƙasa tun fil'azal ya isa hujja. A 2008 aka miƙa musu takardar fili fiye da hekta 70,000. Yarjejeniyar Afirka ta 1981 kuwa ta rage wa masu fassara wahala, domin sashe na 60 da 61 sun umarci hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta nemi haske daga sauran dokokin duniya. Hukumar ta yi amfani da hakan a wuri mai muhimmanci. Sassa da dama na yarjejeniyar sun ba da 'yanci sannan suka ƙara da cewa "bisa doka", gwamnatocin soja suka ɗauka ai kowace dokar da suka kafa ta isa. Hukumar ta ce a 1998 idan dokar gida za ta rinjayi yarjejeniyar, to rubuta yarjejeniyar ba shi da amfani. A 2001 kuma, kan yankin Ogoni, ta ciro haƙƙin matsuguni da na abinci daga haƙƙin rayuwa, lafiya, dukiya da iyali.

Yanzu ga inda nake ganin rauni. Kotun Turai na yawan cewa idan ƙasashe sun haɗu a kan abu, wato an samu wani irin ijma'i, za ta tsananta. Idan kuma sun rabu, za ta bar wa kowace ƙasa sarari ta yanke wa kanta. Ƙa'idar tana da kyau a takarda, amma babu wanda ya taɓa faɗin ƙasa nawa ne ijma'i, ko me ake ƙirgawa. A 2011 ta ƙirga ƙasashen da suka amince mutum ya ƙi aikin soja saboda imaninsa, ta tarar kusan duka ne, ta juya tsohon matsayin da aka daɗe a kai ta ba wani ɗan Armeniya gaskiya. A 2014 aka kawo dokar Faransa ta 2010 da ta hana rufe fuska a bainar jama'a, wadda kowa ya san masu niƙabi ta fi shafa. A lokacin Faransa da Beljiyam kaɗai ke da irin wannan doka a cikin ƙasashe 47. Duk da haka kotun ta ce babu ijma'i, ta karɓi hujjar Faransa ta "zaman tare", kalmar da ba ta cikin dalilan taƙaita 'yancin addini da sashe na 9 ya lissafa. Alƙalai mata biyu suka saɓa, suka ce ƙasashe 45 da ba su ga buƙatar dokar ba ai su ne ijma'in. Ina tare da su. A 2018 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba wannan doka ɗin, ya ce ta keta 'yancin addinin wasu mata biyu da aka ci tara. Doka ɗaya, nassosi masu kama da juna, amsa biyu. Ƙirga na da amfani wajen tsare alƙali daga son ransa, amma haƙƙin ɗan Adam don marasa rinjaye aka fi yin sa, kuma wanda ba shi da rinjaye a ƙasarsa da wuya ya same shi a sauran ƙasashen.

Kada kuma ka ɗauka tafiya da zamani kullum faɗaɗa haƙƙi take yi. A 2014, a shari'ar Hassan kan wani ɗan Iraƙi da sojojin Birtaniya suka tsare a 2003, kotun ta duba yadda ƙasashe suka saba yi a lokacin yaƙi da abin da yarjejeniyoyin Janeba suka tanada, ta yarda a tsare mutum saboda tsaro ko da yake babu wannan dalili a sashe na 5. Alƙalai huɗu suka ce wannan gyaran nassi ne aka yi da sunan fassara.

Sai maganar da masu suka ke da gaskiya a cikinta. Ba jama'a ne suka zaɓi waɗannan alƙalai kai tsaye ba, kuma gyara yarjejeniya don a warware hukuncinsu na buƙatar yardar ƙasashe masu yawa, abin da ya fi gyaran dokar gida wuya nesa ba kusa ba. Kotunan kuma ba su da ɗan sanda ko ɗaya. Idan suka yi nisa, ƙasashe na da hanyoyin ramuwa, kuma sun yi amfani da su. Birtaniya ta yi fiye da shekara 10 tana jan ƙafa kan hukuncin 2005 na ba fursunoni damar zaɓe. Ƙasashen Turai suka rubuta ƙari na 15, wanda ya fara aiki a 2021, suka sa maganar barin sarari ga ƙasa a gabatarwar yarjejeniyar don su ja kunnen kotun. Trinidad da Tobago ta fice daga yarjejeniyar Amurka a 1998 kan batun kisa, Benezuwela ta bi sahu a 2012. Ruwanda a 2016, Tanzaniya a 2019, Benin da Kwaddibuwa a 2020 duk sun janye damar da suka ba 'yan ƙasarsu ta kai ƙara kai tsaye Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha. Kotun ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka kuwa dakatar da ita aka yi a 2010 bayan hukuncinta kan gonakin Zimbabuwe. Ba kowace janyewa ce ke nuna kotu ta wuce gona da iri ba. Da yawa gwamnatoci ne da hukunci ya taɓa muradinsu. Amma duk lokacin da aka rufe wata ƙofa, wanda aka zalunta ya rasa inda zai kai kuka, shi ya sa nake ganin wajibi ne alƙali ya baje hujjarsa yadda ko wanda ya faɗi a shari'ar zai iya bin ta.

Gwajin da ake ciki yanzu shi ne sauyin yanayi. Ranar 9 ga Afrilu 2024 Kotun Turai ta ba wata ƙungiyar tsofaffin mata fiye da 2,000 gaskiya a kan Suwizalan, ta ce haƙƙin mutunta rayuwar mutum ta ƙashin kansa da ta iyalinsa a sashe na 8 ya ɗora wa gwamnati nauyin kare su daga munanan illolin ɗumamar yanayi. Hukuncin na da tushe, domin tun 1994 kotun ta ce wari da hayaƙin wata masana'anta a Sifen sun keta wannan sashe, kuma Suwizalan ta sa hannu a yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi. Amma daga masana'anta ɗaya da ke kusa da gidan mutum zuwa hayaƙin duniya baki ɗaya tazara ce babba, sannan kotun ta ba ƙungiyar damar shigar da ƙara alhali ta ce matan da suka kai ƙara da sunansu ba su cika sharaɗin wanda abin ya shafa ba. Alƙalin Birtaniya, Tim Eicke, ya ce an wuce iyakar fassara, majalisun dokokin Suwizalan biyu kuma suka fitar da sanarwa a watan Yuni na shekarar suna zargin kotun da shiga hurumin da ba nata ba. Ni ina ganin ɗora nauyin ya dace, kuma kotun ta kyauta da ta bar wa ƙasar zaɓin matakan da za ta ɗauka, amma batun damar ƙungiya na buƙatar hujjar da ta fi wadda aka bayar ƙarfi. Bin diddigin aiwatar da hukuncin yana hannun kwamitin ministocin Majalisar Turai (Council of Europe, ƙungiyar ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyar), inda wakilan gwamnatoci 46 ke zama, kuma da yawansu suna iya fuskantar irin wannan ƙara a kan ƙasashensu.